Isiyaku Mai Ninƙayar Tabarma

Isiyaku ya dawo ƙauyenmu da ke bayan Kura a shekarar 1984, bayan ya daɗe yana gadin tafkin wanka na wani otal a Abijan. Abin da ya zo da shi bai wuce usur ɗaya da Faransanci cike da baki ba.

Ya tarar da kanal ta ratsa gonaki, gefenta siminti mai santsi, iyaye mata kullum hankalinsu a tashe saboda yara. Sai ya ce zai koya wa yaran ninƙaya. Amma ƙa'idarsa, ba mai taɓa ruwa sai ya ƙware a kan tabarma. Mutum ya kwanta rub da ciki, Isiyaku ya busa usur ya ce "Naje," a yi ta iyo da hannu. "Fulonje," a sunkuyar da kai. "Rasfire," a ɗago a shaƙi iska. 'Yarsa Raliya, da ke sakandare, takan leƙo ta ce a Turanci ma iyon yau daban, na jiya daban: suwim, suwam.

"Ruwa bai san jiya ba, 'yar nan," in ji shi. "Koma ciki."

Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Wa zai ba da ɗansa ga mai koyar da iyo a ƙasa busasshiya? Abin ya dami Isiyaku ƙwarai, don wannan ce kaɗai sana'ar da ya iya.

Taubashinsa Baballe, manomin tumatir mai tsoron ruwa ko na alwala in ya yi yawa, shi ya fi kowa tsokana. Kullum da la'asar sai ya baje a tabarmar majalisa yana kwaikwayonsa, tumbi a ƙasa, ƙafafu na harbin iska.

"Ɗan Abijan, duba, na kusa isa Kadawa."

"Miƙe gwiwar, bawana. Ko a ba'a ma ba ka iya ba."

Baballe kuwa sai ya miƙe gwiwar, don dariya ta fi yawa. Haka suka cinye rani guda, ɗaya na ba'a, ɗaya na gyara.

Ranar wata kasuwar Bunkure, Baballe ya ɗauko kwando a ka, ya bi ta bakin kanal, santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa a kan idon Isiyaku. Kafin Isiyaku ya cire riga, sai ga Baballe tsakanin tumatir yana ta sara ruwa da hannu, yana ba kansa umarni da ƙarfi: "Naje, Baballe. Rasfire, don Allah rasfire." Har ya kama matakala ya fito da kansa.

Washegari tabarmi suka yi wa Isiyaku kaɗan, sai da aka aro na maƙwabta. Daga baya ya shiga ruwan da yaran, a inda bai wuce ƙugu ba.

Baballe dai har ya tsufa yana cewa shi ya koya wa kansa. Isiyaku kan gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne. Gwiwar ce dai har yau a lanƙwashe."