Wace Gabas, Malam Badaru?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya kafa duwatsu turaku domin kada ƙasa ta karkata da bayinsa, ya kuma yanka wa kowane rai ranar da ba zai riga ta ba, ba zai wuce ta ba. Tsira da aminci su tabbata ga wanda muke zaune a maƙwabtakarsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Badaru ɗan Bakri mutumin Abeshe ne ta ƙasar Cadi. Ya shigo Madina yana magidanci, da matarsa Raliya da 'yarsu Huda, ya kama haya a unguwar Jurf, ya shiga gyaran hazzan, wato tankin ruwa na saman gidaje. Da yake kullum a saman bene ake ganinsa, sai mutane suka ɗauka ba ya tsoron bisa. Alhali kuwa in zai hau tsani idonsa a kan bango yake, bakinsa yana motsi da hasbunallahu, ba ya yarda ya leƙa ƙasa. Maƙwabcina ne shekara da shekaru. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, na kuma ji daga bakin wanda suka yi tafiyar tare.

Amininsa shi ne Alhaji Jumare mai zuma, haifaffen Madina, wanda kakansa ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina ya zauna. Jumare yana da amyoyi kusa da ƙololuwar Warƙan, dutsen nan mai tsawo da ke kudu maso yamma da birni, kuma kowace shekara da kansa yake hawa ya ɗebo. A shekara ta 1418 ta Hijira ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Ɗansa Walid, ma'aikacin ofis wanda bai taɓa taka dutsen ba, ya dage shi zai je. Mahaifiyarsa Hajiya Sharifa ta ƙi, sai in da Badaru. Daga bayan labule ta yi masa magana.

"Abu Huda, kai ne ka saba da sama. Shi kaɗai Allah ya bar mini. Amana na ba ka."

Kunya ta hana Badaru faɗin gaskiyarsa. Ya ce, "In sha Allahu, Hajiya."

Walid ya fita neman aron mota, Jumare ya yi wa Badaru kwatance da Hausa. Ya ce su bar motar a bakin kwari, su hau ta kwazazzabon da ke gabansu, wanda yake hawuwa amma ba ya saukuwa da kaya. In sun ɗebi zuman su haye ƙololuwa. "Daga nan ku sauko ta gabas. Ta fi nisa, amma za ta zagayo da ku har gindin motar. Ta gabas, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Walid irin 'ya'yanmu ne na nan, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Saboda haka da ya tambayi hanya a mota, Badaru ya mayar masa da kwatancen Larabci, ya ce saukarsu ta sharƙ ce, mafitar rana.

Hawan ya yi musu wuya, hannu da ƙafa, amma Badaru ya yi abin da ya saba, ya kafa ido a kan dutsen da ke gaban hancinsa. Suka sami amyoyin, suka yi hayaƙi, suka cika gwangwanayensu, suka ɗaure su da igiya a baya. Bayan azahar suka isa ƙololuwa. Iska mai sanyi tana kaɗa itatuwan ar'ar, hadari kuma yana haɗuwa ta wajen teku. Badaru bai tsaya kallo ba. Ya nemo wata 'yar hanyar awaki da ta nufi mafitar rana, suka bi ta.

Da fari hanya ce sosai. Sai ta fara tsukewa. Suka zo wani falalen dutse mai santsi da gangara, suka zauna suka zame ta kansa, suka dira a kan wani ɗan tudu da faɗinsa bai kai na sallaya ba. A nan hanyar ta ƙare. Bango a bayansu, a gabansu kuwa babu komai sai sarari, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Walid ya juya zai duba ko da mafita, takalminsa ya goce. Badaru ya cafke shi ta wuyan riga. Gwangwani ɗaya ya kuɓuce daga bayan Walid ya tafi. Suka saurari faɗuwarsa, suka yi ta saurare, sai can ƙarar ta iso su kamar daga wani gari. Walid ya zauna ya manna bayansa da bango. Aka yi tsawa.

Walid ya ce da Larabci, "Ya ammi, yi wani abu. Kai ka saba da wannan."

Badaru ya ce, "Ɗana, saman bene katanga gare shi. Wallahi ni tsani ma da addu'a nake hawansa."

Ya faɗa mini cewa a lokacin ba mutuwarsa ce ta tsaya masa a rai ba. Labulen nan yake gani, da muryar da ke bayansa. Abin da ya fi tsorata shi shi ne ya koma Jurf shi kaɗai, ya tsaya a ƙofar gidan, a tambaye shi. Komawa sama ta falalen nan yake gani kamar hawan gilashi, kuma ko sun hau, ina za su nufa, tunda hanyar da aka kwatanta musu ita ce wannan?

Walid ya ce la'asar ta shiga, gara ajali ya same su sun yi ta. Ya buga tafukansa a kan dutse ya yi taimama. Hadari ya rufe rana, kansa ya juye, ya rasa alƙibla. Sai ya buɗe baki da Hausa, wadda Badaru bai taɓa ji daga gare shi ba.

"Kawu, ina gabas?"

Badaru ya nuna ramin da ke gabansu. "Ga ta nan. Ita ta kawo mu nan."

"La, la. Wannan sharƙ ne. Gabas ta sallah. Kakata tana cewa, tashi ka juya gabas." Ya yi ɗan tunani, ya miƙa hannunsa dama, wajen Makka.

Badaru ya ce ji ya yi kamar an kwara masa ruwan sanyi. A ƙasar Hausa da Cadi alƙibla da mafitar rana kusan wuri ɗaya suke, kalma ɗaya ta ishe su. Kakannin da suka zauna a Madina sun tarar alƙibla kudu take, amma ba su saki kalmar ba. A tsofaffin gidajenmu in an ce gabas, wajen Ka'aba ake nufi, mafitar rana kuwa da Larabci ake kiranta. Jumare da harshen gidansu ya yi magana, Badaru da kunnen Abeshe ya ji.

Hanya tana nan ke nan, a kudu, amma sai an koma ƙololuwa. Ɗigon farko ya faɗo a kan dutse.

Badaru ya ce, "La'asar tana da sauran lokaci. Falalen nan in ya jiƙe ba ya hawuwa. Kwance igiyar."

Suka bar zuman a nan. Badaru ya tuɓe takalma, ya riƙe igiyar da haƙora, ya kwanta a kan falalen rub da ciki. Yana laluben tsaga da yatsu, yana jan jiki, hancinsa yana gogar dutse, hasbunallahu tana fita ta gefen igiya. Sau ɗaya ƙafarsa ta rasa abin takawa ta yi lilo a sarari, ya ji Walid ya yi salati a ƙasa, bai waiwaya ba. Da ya kai wani tsohon ar'ar ya zarga igiyar a gindinsa, ya jefa ɗaya bakin.

"Ɗaura a ƙugu. Kada ka kalli komai sai ni."

Kafin Walid ya kai rabi ruwa ya sauko. Ya zame gaba ɗaya, nauyinsa ya koma kan igiya, igiyar ta gudu cikin tafukan Badaru tana yanka. Badaru ya tokare ƙafa da saiwa, ya naɗe ta a damtse, yana ja yana kiran sunan Allah, har hannun Walid ya kama idon sawunsa.

A gindin itacen suka yi la'asar a zaune, cikin ruwa, suna karkarwa. Da suka juya kudu daga ƙololuwa, ba su yi nisa ba suka ga duwatsun da Jumare ya ɗora kan juna domin alama. Hanyar ta yi ta zagaye da su, ƙafafun Badaru suna jini, sai da magariba suka ga motar.

Da suka isa gida Walid ya shige wajen mahaifiyarsa, muna jin kukanta daga majalisa. Jumare ya dube su hannu wofi ya ce, "Ina zuman?"

Daga bayan labule Hajiya Sharifa ta ce, "Zuma kake tambaya, Alhaji? Dubi hannun mutumin nan."

Da aka ba shi labari ya ce, "To ai gabas na ce maka!"

Badaru ya ce, "Wace gabas, Yaya?"

Maganar ta bi shi har ƙarshen ransa. In ya shigo majalisa sai a ce, ga Wace Gabas nan, shi kuma ya yi murmushi ya nuna tabon tafukansa. Bai daina hawa saman gidaje ba, bai kuma daina tsoro ba. Da ajalinsa ya zo, a kan shimfiɗarsa ya zo masa. Walid ne ya shiga kabarin a Baƙi'a, ya karɓe shi, ya juya fuskarsa gabas ta mutanen Madina.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Badaru ɗan Bakri, ka yafe masa kurakuransa. Kamar yadda ya riƙe amana yana cikin tsoro, ka amintar da shi ranar firgita mafi girma, ka tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi. Amin.