Rabin Yaƙin da Aka Bar wa Kikuno

Kikuno Nishiwaki maƙwabciyarmu ce a Kyoto tun kafin a haife ni. Sana'arta ɗinkin kimono, rigar gargajiyar Japan, da hannu, ba ta taɓa ajiye keken ɗinki a gidanta ba. Ta yi aure da ƙuruciya, mijin bai yi tsawon kwana ba, ba su kuma haihu ba, sai ta ci gaba da zama ita kaɗai a siririn gidan katakon da ke manne da namu. Ni akawu ne a kasuwar dillalan kayan da, inda ake gwanjon tsofaffin kaya duk wata. Aikina in rubuta abin da ya shigo, da wanda ya kawo shi, da wanda ya tafi da shi. Tun da na kama aikin ta daina kirana da sunana, sai dai Akawu. Ni kuwa Inna nake ce mata.

Mahaifinta marini ne. Da ya rasu ya bar biyobu guda biyu, irin shamakin takardar nan mai fallaye shida da ake ninkewa a jingine. Tagwaye ne, zane ɗaya aka raba musu. A na dama barade ne cikin sulke suna gangarowa daga tudu a sukwane, tutoci a bayansu, gajimaren ruwan zinariya ya rufe ƙafafun dawakin. A na hagu wata gada ce, da 'yan mayaƙan ƙasa sun kafa dogayen masu suna jiran su. Tsohon ya san 'ya'yansa biyu ba sa ga maciji, sai ya ba Genzo, babban, na dama, ya ba Kikuno na hagu.

Dabarar ta ci. A unguwarmu idan bikin Giyon ya zo a tsakiyar zafi, tsofaffin gidaje sukan cire tagogin gaba su baje shamakansu don masu wucewa su gani, kuma abin kunya ne a baje rabi. Saboda haka duk shekara Kikuno takan naɗe nata a mayafi, a ɗora a kura a tura zuwa gidan Genzo. Na sha taya ta turawa. Kafin a gama jera su faɗa ya fara.

"Matsar da ragwayen nan naki, sun tare wa dawakina hanya," in ji Genzo.

"Dawakin da tun zamanin kakanmu suke gudu ba su iso ba? Halin mai su suka ɗauko, Yaya. Kai ma sai an watse kake isa jana'iza."

Daga nan su zauna a gaban shamakin su ci kifin hamo da shinkafa, kowa na kushe yadda ɗan'uwansa ke riƙe tsinken cin abinci. In an gama biki ta kwashe mayaƙanta ta dawo gida, ba za su sake haɗuwa ba sai wata shekara. Haka suka yi har gashinsu ya yi fari.

Genzo ya rasu cikin hunturu. Ɗansa ɗaya ne, Naoyuki, wanda ya tashi a Tokyo wurin uwarsa tun bayan rabuwar iyayen. Bayan addu'ar kwana arba'in da tara ya zo gaishe da gwaggonsa da kwalin alewa. Ina gidan a ranar, na kai mata takardar sanarwar unguwa ta tsare ni da shayi. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa yadda ya kamata. Ya ce zai sa a kwashe kayan gidan mahaifinsa, shi ne ya zo ya ji ko akwai abin da take so a bar mata.

"Haba, me tsohuwa za ta yi da kaya?" in ji ta. "Gidan nan ma ni kaɗai ya yi mini kaɗan."

A wajenmu wannan buɗe magana ne kawai. Ana yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, sai an matsa maka sannan ka ce to, in dai abu kaza zai zame maka nauyi, kawo in ajiye maka. Na ga ta gyara zama tana jiran tayi na biyu. Naoyuki ya sunkuyar da kai, ya ce ya gane, ya gode da ta sauƙaƙa masa. Ya shanye shayinsa, ya duba agogo, ya ce jirgin ƙasa zai tashi ya bar shi. Ina zaune da kofi a hannu. Maganar gado ce ta wani gida, maƙwabci ba shi da baki a ciki.

Da ya tafi na ce mata ko ta buga masa waya. Ta ce a'a, jinin Nishiwaki ne, zai sake tambaya, kuma ba a jin gwaggo tana roƙon gadon ɗan wanta turaren makoki bai gama hucewa ba. Ta jira. Na sake tuna mata bayan 'yan makonni, ta ce in kula da takarduna.

Da bazara shamakin ya shigo kasuwarmu. Masu kwashe kayan gidaje ne suka sayar wa wani dillali, shi kuma ya kawo gwanjo. Ana buɗe falle na farko na gane farin dokin da ke gaba. Na rubuta abin da ya kamata in rubuta: rabin tagwaye, na dama, barade, gefen ƙasa ya ɗan goge. Akawu ba ya tayi, wanda ba ɗan ƙungiyar dillalan ba kuma ko ƙofa ba ya shiga. Wani dillali mai suna Hatano ya ɗauka. Doka ta hana ni faɗin sunan mai saye a waje, don haka sai washegari na same shi na nemi izini, na ba shi labarin. Ya saurara da kyau. Ya ce ya riga ya yi wa wani alkawarinsa, mai ƙawata wani otel a ƙasar waje, domin yanzu baƙi zanen mayaƙa suke nema, masu furanni da tsuntsaye sai su shekara a jingine. Amma da ya ji ɗaya rabin yana nan kusa, sai ya tambayi lambar gidan.

Na je na gaya wa Kikuno, ranar ce ta buga wa Naoyuki waya. Ina jin muryarsa daga inda nake, duk ya rikice.

"Gwaggo, ai na tambaye ki."

"Ka tambaye ni, ɗana. Gaskiya ne."

Sai ta shiga tambayarsa lafiyar matarsa.

Hatano ya zo gidanta da nasa kwalin alewar. Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce na Genzo yana cikin akwati a jirgin ruwa, ba ya dawowa. In dai so take tagwayen su haɗu, hanya ɗaya ce ta rage, nata ya bi shi. Ta ce za ta yi tunani.

Bikin Giyon ya zo, ba a ɗauko kura ba. Na leƙa na same ta ta buɗe nata a ɗakin ciki, tana zaune a gabansa da mafici, ana jin sarewa da ƙararrawa daga titi. Ta ce in duba, mutanenta sun kafa wa kabad ɗin kwanuka masu. Na yi dariya don na ga so take in yi.

Kafin kaka ta wuce idonta ya daina ganin kafar allura, gwiwoyinta kuma suka ƙi hawa bene. Aka samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ɗakin da gado da kujera suka cika shi. Sai ta aika wa Hatano cewa ta yarda, da sharaɗi ɗaya: a turo mata hoton tagwayen a haɗe. Da kanta ta naɗe shamakin, a wani sabon mayafi da ta ɗinka da laluben yatsa, ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana.

Hoton ya iso hannun Hatano cikin sanyi, ya ba ni in kai mata. Wani dogon zauren cin abinci ne, da ƙofa a tsakiyar bango. An kafe shamakan biyu a gefe da gefen ƙofar, an sa musu fitilu masu kyau. Sai dai an sa nata a dama, na Genzo a hagu. Baraden suna sukuwa zuwa ƙarshen zauren, masu gadin gadar sun kafa masu suna fuskantar ɗaya ƙarshen. Hoton ya yi kwanaki a aljihuna. Amma kullum tana tambaya, sai na kai.

Ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta bi hoton daga wannan gefe zuwa wancan, ta daɗe.

"Akawu, sun juya wa juna baya."

Ta ce in rubuta wa mutanen otel ɗin. Na rubuta dalla-dalla, har da zanen yadda ake jerawa, 'yar Hatano ta mayar da shi harshensu, aka aika. Shiru. Na sake aikawa. Daga baya Hatano ya gaya mini mai ƙawata otel ɗin ya gama aikinsa ya tafi wata ƙasa, masu otel ɗin kuma bai san kowa a cikinsu ba. Naoyuki ma ya gwada buga waya, aka yi ta miƙa shi daga wannan ma'aikaci zuwa wancan har layin ya yanke.

Ina zuwa wurinta duk ranar hutu. Ba ta tambayar unguwa, ba ta tambayar gidanta da aka rushe aka mai da shi wurin ajiye motoci. Amsar wasiƙar take tambaya, in ce har yanzu. A zuwana na ƙarshe ta tambaye ni ko ana barin mai shekarunta ta hau jirgin sama. Na ce sai likita ya yarda. Ta dubi gwiwoyinta.

"Aikin mutum biyu ne fa kawai," in ji ta. "Ɗaya ya kama nan, ɗaya ya kama can, su sauya musu wuri."

Na ce haka ne, Inna. Sai ma'aikaciya ta turo keken abinci, na tashi na ba ta hanya.