Wasan Mak Cik na Ƙarshe

Assalamu alaikum Edita. Ina da shekara talatin da ɗaya na samu tallafin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Maigidana bai samu hutu a wurin aiki ba, sai na taho da 'yarmu mai shekara biyar, muka kama ɗan gida a hawa na shida a Sentul. A lokacin gani nake na gama sanin waye mutumin kirki, waye ba shi ba. Wata biyu da zuwanmu yarinyar ta daina magana. A makaranta ba ta jin yarensu, a gida kuma kullum kaina na kan kwamfuta. Ko tambayarta na yi sai dai ta gyaɗa kai.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, ta haura saba'in. Kowa Mak Cik yake ce mata, wato kamar mu ce gwaggo. Wata rana a cikin lif ta kalli yarinyar, ta kumbura kumatu, ta karkace baki, ta yi magana da muryar tsohon da ba shi da haƙori. Sai na ji 'yata ta fashe da dariyar da na manta sautinta. Daga ranar, in ta taso makaranta wurin Mak Cik take zama har na dawo. Cikin wata guda bakinta ya buɗe, har yaren Malay ta fi ni iyawa.

Ranar da na fara shiga falon Mak Cik na ga bango cike da hotuna. Ta ce tana da shekara goma sha shida ta fara hawa dandamali, a layin baya na masu amshi da rawa, a irin wasan da ake haɗa waƙa da barkwanci. Ta ce ba a taɓa ba ta matsayin gimbiya ba, saboda fuskarta kaɗai na sa mutane dariya. Ta fito a 'yar aiki mai baki, ta fito a suruka mafaɗaciya, daga baya ta koma kaka. Sama da shekara hamsin ke nan. Da wannan sana'ar ta riƙe ƙannenta huɗu har suka yi karatu. Ta ce makon da mahaifiyarta ta rasu ma sai da ta fita ta sa jama'a dariya, in an ja labule ta zauna ta yi kukanta. Na saurara, amma a raina abu ɗaya na riƙe: 'yar wasa ce.

Da na ba wata ƙawata a Setapak labari, ta tambaye ni ko na rasa inda zan kai amanar da Allah ya ba ni sai hannun mai rawa. Maganar ta zauna min. Na sa yarinyar a gidan reno, na ce wa Mak Cik makaranta ce ta ƙara musu lokaci. Ta gane. Ta ci gaba da rataye mana abinci a jikin ƙofa duk ranar Juma'a. 'Yata ta yi ta tambayata laifin da Mak Cik ta yi.

Bayan wasu watanni Mak Cik ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da tikiti biyu a hannu. Ta ce gwiwoyinta sun gaji, muryar ma ta fara gardama, don haka wasan ranar Asabar da rana shi ne na ƙarshe. Ta ce ta ajiye mana kujeru a layin gaba. Na ce boleh, wato "to" da yarensu, in sha Allahu. Ranar wasan na ja yarinyar muka tafi kasuwar Chow Kit cefanen da ba na buƙata, muka yi ta zagaye har na tabbatar an tashi.

Wata biyu bayan haka ɓarin jikin Mak Cik ya shanye. 'Yar ƙanwarta ce ta sanar da ni a bakin lif, ita ce kuma ta ba ni labarin da har yau yake ci min rai. Akwai wata 'yar waƙa da na ƙirƙira ina yi wa 'yata in ina mata kitso don ta zauna. Ashe yarinyar ta koya wa tsohuwar. Mak Cik ta yi makonni tana gyara lafazinta, kuma da waƙar ta rufe wasan, bayan ta gaya wa jama'a jikarta 'yar Najeriya ce ta koya mata. Ta nuna layin gaba, mutane suka juya, kujerun babu kowa. Sai ta mai da abin raha, ta ce da alama baƙin nata sun ji labarin muryarta.

Washegari muka je asibiti. Ba ta iya magana. Na riƙe hannunta na ce, "Mak Cik, ƙarya na yi miki, ki yafe ni." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ga yarinyar, ta ɗaga girar da ke motsi, ta murguɗa rabin bakin da ya rage mata, har sai da yarinyar ta yi dariya. Ta matse min yatsu. 'Yan'uwanta suka mai da ita ƙauyensu, kuma kafin na kammala karatu Allah ya yi mata rasuwa.

Ban ce kada uwa ta kula da inda 'yarta ke zama ba. Amma ni na ga halin matar nan da idona, na ga sallarta, na ci abincinta, sannan na ajiye duka na yanke mata hukunci da sunan sana'arta da maganar wadda ba ta taɓa ganinta ba. 'Yan'uwa mata, musamman masu zaman baƙunta, in Allah ya haɗa ku da mai kyautata muku, ku dubi abin da kuka gani a gare shi. In kuma dattijo ya roƙe ku wani ɗan abu, ku yi masa tun yana iya roƙo. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙanta.