Walat Ɗin Yaya

Yayana direban babbar mota ne. Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da sitiyari, kuma duk shekarun nan a kan walat yake zama. Walat ne kamar bulo a aljihun baya na dama, ya ɗaga masa ɗuwawu ɗaya sama da ɗaya.

Da ciwo ya kama shi a ƙasan baya, daidai inda ƙashin baya ya haɗu da ƙugu, babu abin da bai zarga ba: kujerar mota, ramukan hanya, katifa, har matarsa da ta zaɓo katifar. Ya sha allurai, mai tausa ya tattake shi da ƙafa. In zai sauko daga mota sai ya rungume ƙofa kamar mai naƙuda.

Ni na ja shi wurin likitar gashin ƙashi. Ta danna wurin, ƙato ya kurma ihu. Ta ce gaɓar ƙugun ce ta gaji da zaman karkace. Ta ce ya raba walat da aljihun baya, ya riƙa tsayawa a hanya yana miƙe ƙafa, ya yi motsa jikin da ta nuna masa.

Muna fita ya taɓe baki. "Wannan ce likita? Ko ƙwaya ɗaya ba ta rubuta ba."

Na fizge walat ɗin na zazzage a kan benci. Matattun lasisi huɗu, katin wani makanike da ya rasu, da hoton Yaya lokacin yana da suma.

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a walat, ya mayar aljihun baya, ya ɗingisa zuwa kantin magani.