Kwanon da Ya Kwana Biyu

Gidanmu na Stratford, can ƙasar Turawa, ba murhu, sai wata hitar ɗumama ɗaki mai jan ƙarfe biyu, amma Kaka ta mai da ita murhu ƙarfi da yaji. Da an idar da magariba za ta ja kujera ta miƙa ƙafafu, ni da ƙanena Sadiku mu zube a kafet. Shekarata tara lokacin. Ita ta haifi Babanmu. Aikin ido ya kawo ta daga Zariya, da aka gama ta ce ita fa gida za ta. Akwatinta a shirye yake a bayan ƙofa, ni kuwa shi nake fara dubawa kowace safiya, don wallahi ban san yadda zan zauna a gidan nan babu ita ba.

Ba sanyi ne ya ishe ta ba, firiza ce. Mama nas ce, ranar Lahadi take dafa abincin mako ta jera a robobi. Kaka ta ce, "A yi girki a gida, ko kwano ɗaya bai fita maƙwabta ba? Wannan ai kurkuku ne mai labule."

Wata ranar ta gyara mayafi ta ce, "To, ga ta nan ta sha sanyi ta iso, ku ba ta wuri." Wai an yi wani gari da ba a noma. Kullum da asuba abinci ke saukowa daga sama, fari tas, kowa ya ɗanɗana sai ya ji abin da ransa ya fi so. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ka kai loma baki, ka aika wa maƙwabcinka. Sai wata mata ta ce, "To idan gobe bai sauko ba fa?" Ta cika tulu ta liƙe. Maƙwabciyarta ta ga ba a aiko ba, ita ma ta rufe ƙofa. Kafin Juma'a ta zagayo duk gari ya rufe, sama ma ta rufe. Da aka fasa tulunan, tsutsa ce cike.

Sadiku ya ce da Turanci ai da sun sa a firiza. Ya sha ranƙwashi.

Ni dai na kwana da dabara. Washegari na roƙi Kaka ta yi dambu in kai wa Misis Hilda, wata tsohuwar malamar makaranta da ke zaune ita kaɗai a flat ɗin da ke kallon namu. Baba ya ce, "Hajiya, nan ba a haka, sai a ce mun takura wa mutane." Kaka ko kallonsa ba ta yi ba, ta rufe kwanon samira ta miƙo min.

Misis Hilda ta kai cokali ɗaya, ta lumshe ido ta ce, "Ambrose." Ta ce tsohuwar kalma ce da Turawa suka daina faɗi. Asalinta daga Girkawa ne, sunan abincin allolinsu, wanda duk ya ci ba zai mutu ba. Daga baya aka laƙa wa wani ganye sunan, sannan bakuna suka manta da ita. Da na kawo wa Kaka labari ta ce, "A'uzubillahi! Allah ɗaya ne, kuma kowa sai ya ɗanɗana mutuwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma tsohuwar nan ta san daɗi."

Daga ranar kwanon nan bai huta ba. Ya tafi da tuwo, washegari ya dawo da biskit. Duk da haka Baba ya yi wa Kaka booking ɗin jirgi, saura kwana biyar, sai kwano ya tafi ya kwana biyu bai dawo ba.

"Ba lafiya ba," in ji Kaka. Baba ya ce ƙila ta manta ne. Kaka ta miƙe ta ce, "Matar da ke goge kwano har ka ga fuskarka a ciki? Tashi!" Muka buga ƙofa, shiru. Baba ya leƙa ta kafar wasiƙa, ya hango ƙafa a ƙasa. Ashe tun jiya ta faɗi, ƙugunta ya karye. Masu motar asibiti suka ce mun zo a kan kari.

A daren Kaka ta kwance akwatinta. Na tambaye ta ko ta fasa tafiyar. Ta ce, "Ke, in na tafi wa zai lura kwano bai dawo ba? Ubanki?" Na yi kuka har ta ce in daina jiƙa mata zane.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara tare da mu. Yanzu Kaka da Misis Hilda duk sun rasu, dambun bai hana ba. Amma na san dai ya taɓa hana mutuwa shiga wani ɗaki sau ɗaya, kuma ba daga sama ya sauko ba, ƙofa ya ƙetare. Yau ina unguwar Abbey Wood, firizata cike kamar ta Mama. Ni na gaji samirar. Jiya na kai wa dattijon da ke ƙasanmu abinci a cikinta, kuma tun safe kunnena na kan ƙofa.