Ranar da ekran ya ƙi haska wa Rahila

Shekara shida ke nan da muka binne yayata Rahila. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai yau, kuma ba zan ɓoye muku ba, haushi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Iyayenmu daga Dogon Dutsi suka zo, mu kuma a unguwar Talladjé ta Yamai muka tashi. Ita ce babba, ita ce kuma ta karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta, tun ana yi masa kallon aikin maza. Ta samu aiki a wata cibiyar koyar da matasa a unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi, inda ta tarar da tsofaffin injuna jibge a ɗaki an fid da rai da su. Ta sa musu Linux, tsarin nan na kyauta, suka farfaɗo, ɗalibai suka samu abin koyo.

Tsarin yana da wani hali da ta sani sarai. In aka yi masa mizajur, wato aka sabunta shi, wani lokaci sabon noyo, wanda shi ne zuciyar tsarin, ba ya jituwa da pilot ɗin da ke tafiyar da hoto. Sai injin ya tashi, amma ekran, wato allon injin, ya zauna baƙi ƙirin, ko rubutu ya fito manya-manya ya cika fuska. Gyaran ba wuya gare ta: ta sake kunnawa, ta zaɓi tsohon noyo, ta cire pilot ɗin, ta sa wanda ya dace. Shi ya sa ba ta sabunta injunan gaba ɗaya, sai ta fara gwadawa a kan guda.

Ana gobe wasu baƙi masu ba da tallafi za su ziyarci cibiyar, ta nemi izini ta haye gada don ta kai Mama likita. A bayanta direktan cibiyar ya ga saƙon sabuntawa a kan injunan, ya sa aka danna wa dukansu, wai don baƙi su tarar da komai sabo. Da safe aka kunna a gaban baƙin, ko ekran ɗaya bai haska ba.

Rahila ta matso kusa da shi ta ce, "Mushe direkta, a ba ni ɗan lokaci in mayar da su tsohon noyo. Ba abin da ya ɓace."

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ya isa, madam. Tun farko na faɗa, abin kyauta ba ya da albarka."

Bai bari ta taɓa ko guda ba. Kafin satin ya ƙare an sallame ta, aka ce tsarinta ne ya lalata kayan cibiya. Waɗanda suka ga lokacin da aka danna suna nan, ba wanda ya buɗe baki.

Yamai ba ta da girma in ana batun ɓata suna. Duk inda ta nemi aiki, labarin ya riga ta isa. Ta koma gyara a gida, a kan teburin cin abincinmu. Abin da ya fi ci mini rai, abokan aikin nan da suka yi shiru su ne ke lallaɓowa da nasu injunan in sun yi baƙi. Na ce mata, "Yaya, ki kore su mana." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Injin bai yi mini laifi ba." Ciwon ƙoda ya kama ta bayan haka, bai kuma bar ta ta daɗe ba. Daga cibiyar, ɗalibai kaɗai suka zo mana gaisuwa.

Kwanan baya na kunna talbijin, sai ga direktan nan, furfura ta fito masa, yana jawabi a wani taro. Wai lokaci ya yi da za mu daina dogara da manhajojin kamfanonin waje, mu rungumi na kyauta. Aka yi ta tafa masa. Na yi ta tunanin me Rahila za ta ce da ta gani. Na san ta, ba za ta yi zagi ba. Za ta yi murna an gane, ta tambayi wa ke gwada musu sabuntawa kafin a danna. Ni ban kai ta haƙuri ba.

A coci an ce mini in yafe, kuma ina ƙoƙari. Abin da ta bari yana nan: ɗalibanta, har da mata, suna cin abinci da wannan sana'a daga Goudel zuwa ƙetaren kogi, in ekran ya yi baƙi kuma ba sa ce wa mai shi ya jefar. Wannan yana sanyaya mini zuciya, amma bai wanke sunanta ba. A cibiyar har yau in an tuna ta, cewa ake yi matar nan da ta lalata injuna. Mama ta tsufa, tana so ta ji an faɗi gaskiya kafin ta bi ƴarta. Ba mu neman komai sai direktan ya tashi a gaban mutane, kamar yadda ya tsaya a gabansu ya kunyata ta, ya ce shi ne ya sa aka danna. Yana da rai, kuma na san yana karanta jarida.