Hannun da Ya Taɓo Kunne

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Ga ta nan, amma ba ta Gizo ba ce, tawa ce. Ni nake faɗa, jikata Bintu take rubutawa, domin ni ko sunana ban iya rubutawa ba, kuma yau za ku ji dalili.

Wata Litinin ce da hantsi, bayan ɗaukewar damina, aka jera mu a gindin darbejiya a makarantar da ke bayan gidanmu a Mafoni. A zamanin ba a tambayar takardar haihuwa, wa ma yake da ita? Malami zai ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya kai, ya isa shiga aji. In bai kai ba, sai baɗi. Ni kuwa Allah ya yi ni doguwa kamar mahaifina, shekarata huɗu kacal amma hannuna ya kai har da saura. Yagana, ɗiyar baffana, ta girme ni da shekara biyu cur, sai dai gajeriya ce. Ta yi ta miƙa, ta karkata kai, yatsunta suka tsaya a hanya. Aka ce ta koma gida. Ta tafi tana kuka, ni ina tsalle.

Me na sani a lokacin? Aikina korar kaji daga shanyar gero, wasana dafa tuwon ƙasa a gwangwani da goya 'yar tsana ta ƙashi. Ko carafke manyan yara ba sa yi da ni, don duwatsun zubewa suke daga hannuna. Wannan yarinyar aka zaunar a tabarma tun safe har azahar, aka ce kada ta motsa. Malaminmu da tsakuwa yake koya lissafi. Wata rana ya tara bakwai wuri guda, ya baza biyar a dogon layi, ya ce in nuna masa wadda ta fi yawa. Na nuna dogon layin. Ya tsula mini bulala a tafin hannu, ya sake tambaya. Na sake nuna shi, domin wallahi shi idona ya ga ya fi. "Kan nan naki babu komai cikinsa sai iska," in ji shi, aji ya kwashe da dariya.

Wata uku ana haka, sai malamin ya tarar da Baba a rumfarsa ta dukanci ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka, wannan ba ta karatu ba ce." Baba bai taɓa musu da mai ilimi ba. Ya cire ni. Da shekara ta kewayo hannun Yagana ya kai, ta shiga tana da bakwai, ta riƙa zuwa ta ɗaya. Daga nan gida ya raba mu: ita mai kai, ni doguwar banza. Na yarda da wannan suna, na yi aure da shi, na haifi 'ya'ya tara da shi, duk inda aka buɗe takarda sai in sunkuyar da kai.

A bana, Bintu, wadda take nazarin yadda ƙwaƙwalwar yara take girma a jami'a, ta tara ƙananan yaran gidanmu a tsakar gida don aikin da aka ba ta. Ina tsince shinkafa a faifai na ga ta jera tsakuwa, tari ɗaya a dunƙule, ɗaya a baje. 'Yan shekara huɗun nan, ɗaya bayan ɗaya, suka nuna dogon layi. 'Yan bakwai suka ƙirga, suka yi musu dariya. Faifan ya kusa suɓuce mini. "Kaka, ai ba daƙiƙanci ba ne," in ji ta. "Ƙwaƙwalwa a hankali take nuna, ba ruwanta da tsawon hannu. A shekara huɗu yawancin yara ido suke bi. A ba su lokaci kawai."

Ban yi kuka ba, zuciyata ce ta tafasa. Shekara sittin da ɗoriya! Da an ce mini in dawo bayan damina uku, shi ke nan fa. Na nemi wanda zan kama da faɗa, na rasa. Kuma har yau a nan Ajilari ina ganin 'yan shekara uku a keke da sassafe, jaka ta rinjaye su, in sun kasa rubutu a zage su. An daina taɓa kunne, ba a daina gaggawa ba.

Malamin ya tsufa da mutuncinsa, ya rasu ana yabonsa. Baba ya koma ga Allah yana tausayin 'yarsa marar kai. Yagana ta zama malamar asibiti, ta yi ritaya a Maisandari, ita take karanta mini takardar magani. Bintu ta saya mini allo da alli, na ajiye su ƙarƙashin gado, wani lokaci in ciro in shafa in mayar.

Hannuna ne ya kai, ni ban kai ba, kuma babu wanda ya jira ni.